Ra'ayi Ko Labarin Kai: Wanne Ya Fi Shawo Kan Mai Karatu?

Tambayar ta fito ne daga wata malamar firamare ta gwamnati. Ta ce 'yan aji uku take koyarwa, yara 130 ne a rajistarta, kuma abin ya dame ta har ta zauna ta rubuta maƙala a kan taɓarɓarewar ilimi, ta aika wa wata jarida. Edita ya mayar mata da ita, ya ce babu sabon abu a ciki. Wata ƙawarta ta ba ta shawarar ta bar sharhi, ta rubuta labarin abin da take gani a aji kawai, domin shi ne zai taɓa zuciyar mutane. Tana son sanin wanne ya fi shawo kan mai karatu tsakanin rubutun ra'ayi da gajeren labarin rayuwa, ko ana iya haɗa su, kuma ko laifi ne idan ta ɗan ƙara gishiri don labarin ya yi armashi. Ta haɗo da maƙalar da aka mayar mata.

Malama, na karanta abin da kika aiko, kuma a ganina editan bai zalunce ki ba, ko da yake ya gajarce miki bayani. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne: ajujuwa sun cika maƙil, malamai sun yi kaɗan, rufin makarantu yana yoyo, yara suna gama aji shida ba su iya karanta wasiƙa ba. Sai dai babu mutum ɗaya a Najeriya da zai musa ko guda daga cikin waɗannan, har da kwamishinonin ilimi, waɗanda su ma irin wannan maganar suke yi a duk taron da aka gayyace su. Maganar da kowa ya riga ya yarda da ita ba ta da wanda za ta shawo kansa. Saboda haka kafin a zo ga zaɓi tsakanin sharhi da labari, akwai tambayar da ta riga wannan: wane ne kike so ya sauya tunani idan ya gama karantawa, kuma me kike so ya tashi ya yi ranar Litinin da safe?

Malaman balaga sun daɗe da warware wannan matsala, kuma duk wanda ya zauna gabansu ya ji suna cewa balaga ita ce dacewar magana da abin da hali ya hukunta. Sun kasa mai sauraro gida uku: wanda bai san komai game da zancen ba, da mai kokwanto, da mai musu, kuma kowanne da irin ƙarfin da ake sa wa magana idan za a fuskance shi. Wanda bai sani ba ana sanar da shi ne kawai, mai kokwanto ana ƙarfafa masa magana gwargwado, mai musu ne ake tara wa hujjoji har da rantsuwa. Abin da ya faru a maƙalarki shi ne kin ɗaga murya kamar mai fuskantar mai musu, alhali abin da kike faɗa babu mai musa shi, sannan abin da ke da masu kokwanto a kansa, wato takamaiman abin da za a yi da kuma wanda zai biya kuɗinsa, ba ki taɓo shi ba ko kaɗan. Wanda marubucin ra'ayi yake nema shi ne mai kokwanton nan: mutum mai adalci wanda bai yarda da ke ba tukuna, amma zai saurare ki idan kika girmama hankalinsa. Wanda yake tare da ke tun farko zai yi miki tafi a Facebook, kuma tafin nan yana da daɗi, sai dai ba ya gina aji ko ɗaya.

Bambancin da ke tsakanin rubutun biyu kuwa, hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a tuna da zaman kotun alƙali. A can akwai mai da'awa, akwai kuma mai shaida. Mai da'awa yana faɗin abin da yake nema a hukunta, kuma ƙa'ida sananniya ce cewa hujja tana wuyansa. Mai shaida ba ya neman komai. Aikinsa ya faɗi abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji, kuma da zarar ya fara faɗin abin da ya ji an ce, ko ya fara yanke hukunci da kansa, sai darajar shaidarsa ta ragu. Rubutun ra'ayi aikin mai da'awa ne, gajeren labarin rayuwa kuma aikin mai shaida ne. Ana iya haɗa su, kuma mafi yawan rubuce-rubucen da suka taɓa motsa jama'a haɗe suke, amma da sharaɗin marubuci ya san a kowane sakin layi a wane matsayi yake magana. Shaidarki tana da ƙarfi matuƙa a kan ajinki, ba ta da ƙarfin komai a kan ajujuwan jihar baki ɗaya. Wannan sai da alƙaluman da wani zai iya bincikawa ya tabbatar.

Bari mu fara da ra'ayin. Gwajin farko shi ne ki iya faɗin da'awarki a jimla ɗaya, jimlar da mai hankali zai iya cewa bai yarda ba. "Ilimi ya lalace" ba ta ci wannan gwaji ba. "Ya kamata gwamnati ta tashi tsaye" ma ba ta ci ba, domin gwamnati hawa uku ce, kuma kowane hawa zai ɗauka da ɗan'uwansa ake. Amma dubi wannan: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnatin tarayya ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta don tallafa wa ilimin matakin farko ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kuma jiha ba ta iya karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata rabin. An sha samun jihohin da suka bar kuɗinsu a can shekara da shekaru saboda ba su ajiye nasu ba. Idan jiharku tana cikinsu, to kin sami da'awa: a sa wannan kuɗi a kasafin bana, a biya, kuma a fara da makarantun da aji ɗaya ya haura yara 100. Idan ba ta cikinsu, da'awarki tana iya zama a raba irin ajinki gida biyu, safe da rana, kafin a yi gini, ko a dawo da malaman da aka jibge a ofisoshi zuwa aji. Kowace daga cikin waɗannan tana da wanda zai ji ta a jikinsa: shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko kwamitin ilimi na majalisar dokokin jiha. Zaɓi guda ɗaya. Na san zuciya tana so ta zazzage komai a zama ɗaya, tun daga albashi har zuwa banɗaki, amma maƙala mai buƙatu bakwai tana ba wanda ake magana da shi damar ya amsa mafi sauƙi daga ciki ya tafi abinsa.

Yanzu dubi yadda kika buɗe rubutunki. Kin ce: "Kamar yadda kowa ya sani, ilimi shi ne gishirin zaman duniya, kuma duk al'ummar da ta yi watsi da shi ta kama hanyar halaka. Abin takaici ne ganin yadda harkar ilimi ta taɓarɓare sakamakon sakacin masu ruwa da tsaki." Edita yana karanta irin wannan buɗewa sau da yawa a mako, kuma kalmomin "kamar yadda kowa ya sani" su da kansu suna gaya masa cewa babu dalilin ci gaba. Amma can a sakin layi na bakwai kin saki wata magana a gurguje, kamar ba ki ɗauke ta da muhimmanci ba, cewa kin daina kiran suna. Da ni ne, daga nan zan fara, da abin da kika riga kika rubuta ba tare da ƙarin komai ba: "Yara 130 ne a rajistata, benci kuma bakwai. Idan na kira suna ɗaya bayan ɗaya rabin darasin farko ya tafi, don haka nakan tsaya a ƙofa in dubi tarin silifas ɗin da suka cire, in ƙiyasta. A zangon da ya wuce wata yarinya ta yi mako uku ba ta zo ba, ban kuwa lura ba sai ranar da mahaifiyarta ta zo ba ni haƙuri, ta ce a asibiti suke." Wannan jimloli uku ne kacal, amma sun yi aikin da shafi biyu bai yi ba. Sun nuna wa mai karatu cewa mai maganar tana wurin, sun ba shi abin da zai gani da idon zuciyarsa, sannan, abin da ya fi duka, sun nuna cewa ba ki zo wanke kanki ba ne. Malamar da ta yarda cewa yarinya ta ɓace mata mako uku ba ta sani ba, ba za a zarge ta da zuƙi-ta-malle a sauran maganarta ba.

Daga nan sai ki sauya matsayi, ki kawo abin da ba ya dogara da amincinki. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Darasi na minti 35 a irin wannan aji yana nufin kowane yaro yana da minti guda na hankalin malami. A ajinki kuwa, idan aka raba minti 35 ga yara 130, kowanne yana samun kimanin daƙiƙa 16. Wannan lissafi ne da mai karatu zai iya yi da kansa a wayarsa, kuma alƙalumman da mutum ya lissafa da hannunsa sun fi zama masa a kai fiye da waɗanda aka jefo masa.

A nan dole in tsaya a kan wata lamba da kika kawo, domin ta zama ruwan dare a rubuce-rubucenmu. Kin ce UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta umarci kowace ƙasa ta ware kashi 26 cikin 100 na kasafinta ga ilimi. Shugabannin ƙungiyoyi da 'yan majalisa da marubuta sun yi ta maimaita wannan lamba har ta zama kamar nassi, amma ba ita ce matsayar da ƙasashen duniya suka amince da ita ba. Abin da aka cim ma a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Jami'in da ya san haka zai kama wannan kuskure guda ya yi watsi da sauran maganarki gaba ɗaya, kuma zai yi hakan cikin farin ciki. Haka ma yawan yaran da ba sa zuwa makaranta: za ki ga miliyan 10.5 a wani wuri, ki ga kusan miliyan 20 a ƙiyasin UNESCO na 2022, kuma babban dalilin tazarar shi ne ƙiyasin na biyu ya haɗa har da matasa masu shekarun sakandare. Duk wadda kika ɗauka, faɗi wanda ya fitar da ita, da shekarar, da waɗanda ta ƙirga. Idan kina son sanin matsayin jiharku a asusun UBEC, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ki damar rubuta wa hukumar, kuma ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ko da ba ta amsa ba, shirun kansa abin rubutawa ne.

Abin da ya fi ƙaranci a rubutun ra'ayi da Hausa, a iya abin da nake karantawa, shi ne yi wa abokin hamayya adalci. Mukan zana shi a matsayin ɓarawo ko jahili, mu kayar da wannan hoton, mu ɗauka mun yi nasara. Mai kokwanton da kike nema ya san cewa maganar ba ta kai haka sauƙi ba. Ya san cewa albashi yana cinye mafi yawan kuɗin ilimi, ya san cewa duk lokacin da aka ce ilimi kyauta ne ko aka fara ciyar da ɗalibai sai yara su yi ta kwararowa fiye da yadda gini zai iya bi, ya kuma san cewa akwai malaman da ke sa hannu a littafin zuwa aiki su wuce kasuwa. Idan ba ki ambaci waɗannan ba, zai ɗauka ko ba ki sani ba, ko kina ɓoyewa. Kawo mafi ƙarfinsu da kanki, da kalmomin da mai ita zai yarda cewa haka yake nufi, sannan ki amsa. Inda ba ki da amsa, ki yarda cewa yana da gaskiya a nan, ki nuna cewa duk da haka buƙatarki tana nan a tsaye.

Akwai misali daga Amurka da ya dace a duba, domin ya haɗa duk abin da muke magana a kai. A watan Afrilu na 1963 Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, yana tsare a kurkukun Birmingham da ke jihar Alabama, sai wasu malaman addini takwas, farar fata, suka fitar da sanarwa cewa zanga-zangar da yake jagoranta ba ta dace ba kuma ba lokacinta ba ne. Wasiƙar da ya mayar musu bai zage su a ciki ba. Ya kira su 'yan'uwansa a aikin wa'azi, ya ɗauki ƙorafinsu ɗaya bayan ɗaya yana amsawa da hujjojin da su kansu suka yarda da su. Amma da ya zo kan maganar a jira, sai ya ajiye hujja ya ba da shaida: yadda harshensa ya sarƙe yana neman yadda zai bayyana wa 'yarsa mai shekara shida dalilin da ya sa ba za ta je wurin wasan yara da ta gani a talabijin ba, saboda ba a barin baƙar fata su shiga. Labarin kansa bai wuce 'yan layuka ba a cikin doguwar wasiƙa, kuma ya ajiye shi daidai inda hujja ita kaɗai ba za ta iya sa mutum ya ji nauyin jira ba. Wannan shi ne gwargwadon da nake ba da shawara a rubutun ra'ayi: labarin kai kaɗan, a wurin da ake buƙatarsa.

Gajeren labarin rayuwa kuma, wanda ƙawarki take nufi, sana'a ce daban, kuma ta fi wuya fiye da yadda ake zato. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da "an haife ni a shekara kaza", a bi ta makarantar allo da firamare da aure, har takarda ta ƙare ba a kai ga komai ba. Gajeren labari abu ɗaya yake ɗauka, yini ɗaya ko ma sa'a ɗaya, ya tsaya a kansa. A naki, ranar da mahaifiyar yarinyar nan ta zo ita ce labarin. Da wane lokaci ta zo, ana cikin darasi ne ko an fita tara? A tsaye ta yi magana ko ta durƙusa a bakin ƙofa? Yarinyar tana tare da ita? Kuma babbar tambayar, wadda maƙalarki ta tsallake: da ta ba ki haƙuri, tana zaton kin yi ta cigiyar 'yarta, me kika ce mata? Idan kin ce "ai mun yi ta tambaya" alhali ba ku tambaya ba, to a nan zuciyar labarin take, kuma idan kika iya rubuta wannan ba tare da kare kanki ba, ba kya buƙatar ki ƙara da cewa cunkoso illa ne. Mai karatu zai kai ga hukuncin da kansa, kuma hukuncin da mutum ya yanke da kansa ba ya saurin janye shi. A irin wannan rubutu murya biyu ce ke aiki, ta malamar da ke tsaye a ƙofa a wannan rana ba ta san abin da za ta ce ba, da ta malamar da ke rubutu yanzu bayan ta yi tunani. Bar ta farko ta yi mafi yawan maganar. Ta biyu ta shigo jefi-jefi.

Na san akwai nauyi a nan, domin tarbiyyarmu ba ta son mutum ya yi ta ambaton kansa, kuma an ce yabon kai jahilci. Ba mamaki shi ya sa biyu daga cikin sanannun labaran rayuwa na farko da Hausawa suka bayar, baƙi ne suka zauna suka rubuta su daga bakin masu su. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar sannan aka 'yanta, wanda ya bi Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön labarinsa, aka buga shi a 1885. Baba ta Karo kuma ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith nata tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Har yau masu nazarin tarihi suna komawa gare su, kuma abin da ya ba su daraja shi ne yawan abin da suka lura da shi a kewayensu, na kasuwa da aure da bauta da zaman gida, fiye da abin da suka ce game da kansu. Wannan ita ce mafita ga mai jin kunya: "ni" ɗin da ke cikin labari ido ne da kunne, ba gwarzo ba. Mai karatu Bahaushe yana saurin gane mai neman yabo, amma yana sakin jiki da wanda ya ba da labarin da shi kansa bai fito da kyau sosai a ciki ba.

Batun ƙara gishiri kuwa, amsata ita ce a'a, kuma dalilina bai tsaya ga cewa ƙarya haramun ce ba, ko da yake wannan ma ya isa. Rigoberta Menchú, 'yar asalin ƙabilun Maya ta ƙasar Guatemala, ta ba da labarin rayuwarta da na kisan da sojoji suka yi wa danginta, aka buga a 1983, kuma ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992. A 1999 wani masani ɗan Amurka, David Stoll, ya fitar da binciken da ya nuna cewa wasu abubuwan da ta ce ta gani da idonta ba ta wurin lokacin da suka faru, kuma ta yi karatun boko fiye da yadda ta nuna. Kisan gillar gaskiya ne. A wannan shekarar ce ma hukumar binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 200,000 aka kashe ko aka ɓatar a yaƙin, mafi yawansu a hannun jami'an gwamnati. Amma masu son a manta da zancen sun sami abin riƙewa, aka shafe shekaru ana gardama a kan amincin mace ɗaya maimakon a kan waɗanda aka kashe. Frederick Douglass kuwa, baƙar fata ɗan Amurka da ya tsere daga bauta, akasin haka ya yi. Da mutane suka fara cewa mai fasahar magana irin tasa ba zai yiwu a ce ya taɓa zama bawa ba, sai ya buga labarinsa a 1845 da sunayen iyayengijinsa da wuraren da ya zauna, don duk mai shakka ya je ya bincika, ko da yake hakan ya tilasta masa barin Amurka zuwa Birtaniya na wani lokaci don kada a kama shi. Idan kika mayar da mako uku ya zama wata uku, ko kika ce yarinyar ta rasu alhali ta warke, to hedimastanku da sauran malamai sun san gaskiya, kuma ranar da ɗayansu ya yi magana, yara 130 ɗin nan da suke gaskiya su ma za a fara shakkar su.

Akwai abin da aka yarda da shi. Kina iya sauya sunan yarinyar ko ki ɓoye shi, ki faɗa wa mai karatu cewa kin yi haka. Kina iya rubuta zancen da aka yi gwargwadon yadda kike tunawa, tunda babu mai riƙe magana kalma da kalma, matuƙar ba ki sa wa mutum abin da bai nufa ba a baki. Kina iya barin abin da bai shafi labarin ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne haɗa yara biyu su zama ɗaya a ɓoye, ko ki ce kin gani alhali an gaya miki ne. Tunani kuma yana yaudarar mai shi, don haka ki koma ga rajista ki tabbatar da makonnin, ki tambayi malamar ajin da ke kusa yadda ita take tuna ranar. Sannan ki nemi izinin mahaifiyar, ko da kin ɓoye suna, domin a unguwa ɗaya ɓoye suna ba ya ɓoye mutum, kuma rashin lafiyar 'yarta sirrinta ne kafin ya zama hujjarki.

Ki kuma kula da kanki. Sashe na 391 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a jihohin Arewa ya mayar da ɓata suna laifi, kuma an sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama masu rubutu, ko da yake an yi masa gyara a 2024. Kariyarki ita ce ki rubuta abin da ya faru, ki bar abin da ke zuciyar mutane: "an ware kuɗin ginin a kasafin bara, har yau ba a aza tubali ba" magana ce da za ki iya tabbatarwa, "sun cinye kuɗin" kuwa zargi ne da sai kin kawo shaida. Bugu da ƙari ke ma'aikaciyar gwamnati ce, kuma ƙa'idojin aikin gwamnati suna taƙaita wa ma'aikaci yin rubutu a jarida kan harkokin mulki ba da izini ba. Wasu kan bi ta ƙungiyar malamai, wasu kan roƙi edita ya sakaya sunansu alhali shi ya san ko su wane ne. Sakaya suna yana rage wa shaida ƙarfi, wannan gaskiya ne, amma takardar tuhuma ko canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa ke za su samu, ba mai ba ki shawara ba, don haka ke ce za ki auna.

Game da harshe, abu kaɗan zan ce. Rage karin magana; guda ɗaya a inda ya dace ya fi biyar a jere, waɗanda kan sa a ji kamar marubuci yana ɓuya ne a bayansu. Idan za ki kawo aya ko hadisi, ki tabbatar da lafazinsa da ingancinsa wurin masani, kuma kada ki yi amfani da shi don nuna cewa wanda ya saɓa miki a kan kasafin kuɗi ya saɓa wa addini. Ki guji Hausar da aka fassaro daga sanarwar ofis, irin su "masu ruwa da tsaki" da "samar da yanayi mai kyau", ki kira kowa da sunan muƙaminsa. Idan kin gama ki karanta da ƙarfi, domin yawancin mutane za su ji shi ne ana karantawa a rediyo ko su bi shi a waya cikin hayaniya, kuma duk jimlar da numfashinki ya yanke kafin ta ƙare, ta yi tsawo.

Shawarata ita ce ki fara da rubutun ra'ayin, mai kalmomi 600 zuwa 800, wanda shi ne tsawon da yawancin jaridu ke karɓa, ki buɗe da silifas ɗin nan, ki rufe da buƙatarki guda da sunan ofishin da take wuyansa. Lokacin aikawa yana da tasiri: makon komawa makaranta a watan Satumba, ko lokacin da gwamna ya miƙa kasafin kuɗi ga majalisa a ƙarshen shekara, sa'ad da ake iya sauya lamba kafin a sa hannu. Labarin mahaifiyar kuma ki ba shi lokaci, ki rubuta ki ajiye, ki sake dubawa bayan wasu makonni, domin shi ba ya tsufa. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, wasiƙun masu karatu suna cikin abin da ke raya jaridar Hausa, kuma har yau editoci suna neman rubutu daga wanda ke cikin aiki, ba daga mai sharhi a kan komai ba. Idan za ki aika, ki haɗa da layi uku da ke bayyana ko ke wace ce, da dalilin da ya sa maganar ta dace da wannan makon, da inda kika samo kowace lamba. Kada ki aika wa jaridu biyu a lokaci guda, kada kuma ki ji haushi idan an sauya miki take, domin wannan hurumin edita ne. Idan mako ya wuce ba ki ji komai ba, ki rubuta masa cewa kin janye, ki aika wani wuri.